Yaya Nomau, Na Koya wa Bare Ƙira

Zuwa ga yayana Nomau Maƙeri, wanda ke kwance a maƙabartar garin Anka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, ni ne Labbo. Ka san ban yi boko ba. Da ɗan ajamin da muka tsinta a makarantar allo na rubuta wagga takarda, kwana huɗu ina fama. Wani Malam Bashar, wanda za ka ji labarinsa, ya ce zai juya ta da boko ya sa inda jama'a ke karantawa. Na ce ya sa. Abin da na yi maka a bainar jama'a na yi shi, don haka a bainar jama'a zan faɗa maka.

Shekara bakwai ke nan da ka tafi. Tun ranar nake aiki ni kaɗai, hannu guda kan zuga-zugi, guda kan awartaki. Buzun da kake zama bisansa ban ɗauke ba. Wani lokaci in na ciro ƙarfe daga wuta sai in miƙa shi wajenka, in jira ka sauke masaba, har ƙarfen ya huce a hannuna.

Ɗanka Sanusi bai zauna ba. Da zinari ya bayyana sai ya bi masu haƙa zuwa Yargalma, yana gyara musu injinan niƙa dutse. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, ƙaramar ɗiyarsa, wadda ya sa wa sunan Innarmu, tana cikin waɗanda aka rufe. Daga nan ya kwashi matarsa ya yi kudu. Yakan kira ni a waya da salla. Nawa ɗiyan kuwa ka san duk mata ne, kowace na ɗakinta. Manoman Zugu da ke cika mana ƙofa gabanin damina, yanzu hanya ta hana su; wanda ya zo ma sauri yake ya koma da sauran rana.

Na san ba ka manta maganar da muka yi ba, amma bari in maimaita don masu karatu. A bayan ƙofar maƙerarmu akwai tukunyar da Baba ya gada, wadda ake jiƙa wasu abubuwa a ruwanta. Duk kalme ko garmar da muka ƙera, a ciki muke tsoma ta tana ja, kuma kowa ya yarda wannan ruwa ne ke sa bakin garmarmu ya yi damina uku bai lanƙwashe ba. Ranar da jiki ya tsananta maka, da hantsi, ka sa mata suka fita, ka kama wuyan hannuna ka ce, "Labbo, ruwan gidanmu kak ka ba bare. In babu ɗan gida, a rufe ka da shi." Na ce na ji. Har yau ban faɗa wa kowa abin da ke cikinsa ba, ko a wagga takarda ba zan faɗa ba.

To, bara gwamnati ta buɗe wurin koyon sana'a a bakin titi. Walda suke koyarwa, da haɗa injin sussuka da garmar shanu, wata shida a ba mutum satifiket, wai don a samu ma'aikatan da za su cika wata ƙaramar masana'anta da ake shirin kafawa a Gummi. Wata shida, Yaya! Ni da na yi shekara biyar kan zuga-zugi kafin Baba ya bari na taɓa masaba.

Malam Bashar shi ne babban mai koyarwarsu, mutumin Gummi, mai yawan haƙuri. Jikin garma suna haɗa shi da kyau, na yarda. Bakinta ne ya gagare su: ko ya naɗe kamar ganyen rama, ko ya tsage a kuyya ta farko in an shiga gona. Sau uku ya zo wurina. Na farko na ce a'a. Na biyu ko tabarma ban ba shi ba. Na uku sai ya zazzage buhun karyayyun bakunan garma a ƙofar maƙera ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na zauna ina juya su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Ƙarfen sifirin mota ne, mai kyau, irin wanda kake tafiya har Gusau nema. An kashe shi a banza.

Sai na yi wa kaina dabara. Na ce zan je in yi musu aikin da ruwanmu, amma ba zan faɗi sirrinsa ba. Ka ga ban saɓa maka ba. Na cika jarka, na ɗaure bakinta da tsumma, na rungume ta bisa babur kamar jariri.

Ɗakin aikinsu ya fi masallacin unguwarmu girma. Tagogi ko'ina, rufin ma an sa masa wani kwano da rana ke ratsawa. Wuta kuwa inji ke hura ta. Ɗalibai suka kewaye ni, da samari da magidanta. Na sa ƙarfe a wuta, na jira ya kai jan da na sani, na tsoma a ruwan Baba, na buga shi kan dutse yadda muke gwadawa. Ya rabu biyu. Na sake wani, shi ma haka. Wani mai ƙaton tabarau a goshi ya ce, "Baba, ko ruwan ya sha iska bisa hanya?" Aka yi dariya. Na ɗauki jarkata na fita. Malam Bashar ya biyo ni da babur yana ba ni haƙuri, na ƙi hawa. Da ƙafa na dawo gida.

Yaya, tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma babu wanda zan ce wa, ka ji abin da ya same ni.

Washegari na hura wutarmu, na ɗauki irin ƙarfen, na yi irin aikin. Ya fito lafiya lau, yana ƙara kamar kuge. Kwana biyu ina wannan lissafi a raina, har na fara zargin ko ruwan ne ya yi fushi da na fitar da shi daga gida. A rana ta uku na ciro ƙarfe yana ja jawur, sai hasken rana da ke shigowa ta wata ɓula a jinka ya sauka a kansa. Inda hasken ya taɓa, baƙi na gani. Sauran duk ja. Ƙarfe ɗaya, zafi ɗaya. Sai na gane. A ɗakinsu mai haske, kafin idona ya ga jan da nake jira, ƙarfen ya riga ya ƙone. Ashe ba don talauci kakanninmu suka gina maƙera gajera mai ƙofa ɗaya ba.

Daga nan zuciyata ta raya mini abin da ban so ba. Na ɗebo ruwan rijiya zalla a bokiti, na tsoma ƙarfe a ciki. Ya fito daidai da na tukunya. Sau uku na gwada, ina fatan ya tsage. Bai tsage ba.

Na daɗe zaune ina kallon tukunyar nan. Na tuna yadda Baba ke korar baƙi in zai buɗe ta, da dukan da ka sha ranar da ka bar ta a buɗe akuya ta sa baki. Ban sani ba ko Baba ya sani ya yi shiru, ko shi ma haka ya gada. Kai ma ban sani ba ko ka sani. Da kana nan da mun yi musu har magariba, ka ce ni ne ban iya gwaji ba.

Na koma wurinsu da zana huɗu a amalanke. Wani jami'i daga ofis ya ce doka ba ta yarda a toshe taga ba, ma'aikaci sai da haske. Na ce to, ko zana ta hau ko Labbo ya sauka. Malam Bashar ya shiga tsakani, aka keɓe mini kusurwa guda muka kewaye ta da zana da tsofaffin buhuna. A takardarsu kuwa "mai taimako" suka rubuta ni, tunda ba ni da satifiket. Shekara sittin gaban wuta, Yaya, ƙanenka ya zama mai taimako.

Uku-uku nake shigar da su cikin duhun. Ba na bayani, don ban iya ba. Sai in ciro ƙarfe in ce, duba. In mayar in ce, duba kuma. Yawancinsu hannu gare su, ido babu, so suke a faɗa musu lambar zafin wuta.

Wanda ya fara gani Juli ne, Bafillace daga dajin Bukkuyum, magidanci mai furfura a gemu. Ɓarayi suka kore masa shanu kaf, ya shigo gari da mata da yara ba ya da sana'a. Ranar farko na ce masa, Bafillace da masaba, ai sai ka tatsi uwar maƙera. Ya ce, "Bappa, in tana da nono zan gano." Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bambance saniya ja da ja cikin garke, launin wuta bai ba shi wuya ba. Kowane ja sai ya raɗa masa sunan wata saniyarsa da aka sace. Akwai wadda yake kira Woɗe. In ƙarfe ya kai launinta sai ka ji ya ce a hankali, "Ga ta nan," ya tsoma. Bakin garmar da ya yi, wani manomi ya yi damina guda cur da shi ya dawo yana neman wani. Yanzu shi ke shigar da na bayansa cikin zana, har da mai tabarau ɗin nan.

Ka ga inda maganar take. Ruwa ka hana ni bayarwa, ban kuwa bayar ba. Amma ni da kai mun san abin da kake nufi: kada gadon gidanmu ya fita. Ya fita, kuma da hannuna na fitar da shi. Ba zan yi maka wayo kana kabari ba.

Kafin in ƙarasa sai da na nemi mai haƙƙi. Na kira Sanusi na ce masa na tsufa, ga uwar maƙerar kakansa, wadda aka yi shekaru ana dukan ƙarfe bisanta, ya zo ya karɓa. Ya ce, "Baba, ku yafe mini, ni dai ba ni iya dawowa garin nan. Ku ba 'yan gwangwan." Ban yi fushi da shi ba. Kai ma kada ka yi. Ba ka ga abin da ya gani ba.

Ban ba masu sayen tsohon ƙarfe ba, Juli na ba ita. Ran Alhamis da ta wuce ya zo da mutum uku, muka tone ta daga inda Baba ya kafa ta. Ta shige ƙasa fiye da yadda na zata. Da suka ɗora ta bisa amalanke Juli ya kasa kallona, ni ma na kasa kallonsa. Na ce su tafi kafin in canza magana.

Yanzu rami ne a tsakiyar ɗakin. Maƙwabta sun ce unguwa ta yi tsit, har sun kasa gane lokacin hantsi. Ni ma in na dawo daga wurin koyarwa nakan zauna bakin ramin in rasa abin da zan yi da hannuwana. Ban yi nadama ba, kada ka ce na yi. Kewa ce kawai.

Ka yafe mini, Yaya. In ba ka yafe ba, ka ajiye faɗan har in iso, ba zan daɗe ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya haɗa ka da Baba da Inna da 'yar jikarka cikin rahama. Allah Ya sanyaya zuciyar Sanusi inda yake. Ya sa albarka a hannun Juli da duk wanda zai ci abinci da abin da ya fita daga gidanmu. Ya sa in cika da imani, Ya sa mu gana kana murmushi. Amin.

Ƙanenka mai taurin kai,
Labbo Maƙeri, Anka.