Filafilin Baba a Bangon Mashaya

Bocana Vieja, Costa Rica
20 ga Oktoba

Yaya Yorleny,

Kin san inda filafilin Baba yake yanzu? Ki yi haƙuri, da gaisuwa ya kamata in fara. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya sa sanyin San José bai tayar mata da ciwon ba. Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace.

Filafilin yana rataye a bangon mashayar otal ɗin da nake wa aikin lambu. An kankare shi, an shafe shi da man ƙyalli, har da fitila a kansa. A ƙarƙashinsa baƙin da jirgi mai saukar ungulu ke kawowa suke zama, suna shan giya cikin ɓawon kwakwa suna ɗaukar hoto.

Mu dai tun kakanni ba ma rubuta suna a kabarin masunci. Filafilin kwalekwalensa ake kafa masa, kowace mace kuma ta san na mijinta. To, tun da otal ya saye filayen da ke kewaye, maƙabarta ta koma cikin shingensu. Makon jiya suka kawo wata mai ƙawata ɗakuna daga birni. Ta ga filafilai goma sha ɗaya a tsaye cikin yashi, ta ce kayan tarihi ne da aka yasar. Ranar hutuna, manajan otal ɗin, Don Esteban, ya sa 'yan kwangila suka tuge su suka kai mashayar, suka baje wurin, suka shimfiɗa ciyawa.

Na Baba na gane shi daga bakin ƙofa, da tsagewar nan da ya ɗaure da zaren kamun kifi.

Na sami Don Esteban a ofis. Wai, "Geiner, ɗana, ai karramawa ce." Na ce masa in tasa mahaifiyar ta rasu ya aiko mana da tabaranta mu rataya a rumfar kifi, mu ma mun iya karramawa. Ya ce in je in huce.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shingen furannin da ya ɓoye maƙabartar daga idon baƙi, ni na dasa shi bara, har ina jin daɗi da aka yaba. Da ba don shi ba, da wani ya hango su suna tugewa.

Kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki gaishe ta, ki gaida yara.

Ƙaninki,
Geiner


27 ga Oktoba

Yaya Yorleny,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, na kuma ji faɗan. Kin ce in riƙe bakina in riƙe aikina. Ya zo a makare, Yaya.

Ranar Talata da azahar, mashayar a cike, na hau tebur da takalmin lambuna na sauke filafilin. Wata baƙuwa ta yi tafi, ta zaci wasan gargajiya ne. Na saɓa shi na ratsa ta gefen wurin ninkaya, ta gaban waɗanda ke kwance ana musu tausa. Mai gadi ya biyo ni yana cewa, "Kai dai ba ka da kai," amma bai taɓa ni ba, don filafilin kawunsa ma yana bangon. Kafin yamma an karɓe rigar aikina.

Kabarin Baba na gane shi saboda itacen mangwaron da ke kusa, na mayar masa da abinsa. Sauran goman fa? Na kai Doña Zoraida, matar marigayi Chalo, ta tsaya a kan ciyawar nan mai laushi tana juyawa hagu da dama. Shekara ashirin tana kawo masa furanni, ranar ta rasa inda za ta ajiye. Ta ce da ni, "Yaro, ko dai a kansa nake tsaye?"

Yanzu otal ya aiko wai zai yi allon dutse guda ya rubuta sunayen duka. Lauyansu ya haɗo da takarda a sa hannu, yana zaton ba mai karantawa. Ni da na bar makaranta a aji shida, littattafan da baƙi ke mantawa a ɗakuna suka ƙarasa ni. Na karanta wa matan mamatan ita layi-layi. A shafi na uku an ce ziyara sai da izinin manaja. Ba wadda ta sa hannu.

Ranar ziyarar matattu, biyu ga Nuwamba, saura kwana shida. Ki gaya wa Mama yanzu, ki kawo ta. Za mu shiga ta babbar ƙofa, ba ta ƙofar shara ba. An ce akwai bikin auren wasu attajirai a otal ɗin a ranar. Madalla, sai su zama shaidu. Ba wasiƙar ban haƙuri muke so ba. Don Esteban ya fito da kansa, da filafilai goma a hannu, ya tsaya gaban matan nan da baƙinsa, ya nuna wa kowace inda mijinta yake. In bai sani ba, ya buɗe baki ya faɗa kowa ya ji.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙaninki da bai ji maganarki ba,
Geiner Briceño