Hotuna Biyu a Bakin Dutse Mai Ƙofa

Zuwa ga yayana Mzoxolo,

Bhuti, babban yaya, ina gaishe ka, ya aikin ma'adinai? Mu nan lafiya lau, sai dai tsoro.

Kyamarar nan da ka aiko mini ta jawo mini magana. Ran Litinin da hantsi na sauka bakin teku in ɗauki hoton dutsen nan namu mai ƙofa, don baƙi masu yawon buɗe ido sun fi sayensa. Sai ga kwale-kwale ya ɓullo ta bayansa, na ɗauka. Ya sake kewayawa ya fito, na ƙara ɗauka. Ran Laraba ruwa ya fito da gawar Lungisa, ɗan maƙwabciyarmu MaDlomo. Aka ce santsi ne ya kwashe shi yana kamun kifi.

Jiya na karɓo hotunan daga wurin mai wankin hoto a birnin Mthatha. A na farko mutum huɗu ne a kwale-kwalen, har da Lungisa da jar hularsa. A na biyu mutum uku ne. Mai tuƙin kuwa abokinka ne, Gcinikhaya.

Yau ya tare ni a hanyar rafi yana dariya, ya ce, "Sisi, ƙanwata, yanzu ɗaukar mutane ake yi ba ko gaisuwa? A kawo mana namu mu gani mana."

Na ce fim ɗin ya ƙone. Ya ce, "Madalla."

Me zan yi? Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Nolubabalo

*

Nolubabalo,

Ina amsawa. Ki ƙona hotunan yau ɗin nan, da fim ɗin, ki watsa tokar a rafi. Tare aka yi mana kaciya da Gcinikhaya, na san shi fiye da uwar da ta haife shi. Sun daɗe suna nutso a bayan dutsen suna kwasar abin da hukuma ta hana, Lungisa kuma ba ya riƙe baki. Wanda ya mutu ya riga ya mutu, ni kuwa ke kaɗai kika rage mini. Ki tafi gidan Gwaggo a Mthatha. Kar ki yi mini taurin kan nan naki. Allah ya tsare.

Yayanka, Mzoxolo

*

Bhuti,

Gaisuwa mai yawa. Na hura wuta, wallahi na hura. Ina tsugune da hotunan a hannu MaDlomo ta shigo, na tura su ƙarƙashin zani. Ta ce, "'Yata, ke da kike ɗaukar kowa, ba ki da ko ɗaya na Lungisa? Ba ni da hotonsa. Ina tsoron in manta fuskarsa."

Na ce babu. Ta yi godiya ta fita. Na zauna har wutar ta mutu.

Ran jana'iza Gcinikhaya ne ya yanka saniya, shi ya riƙe gaban akwatin gawar. Da na kai wa maza abinci ya karɓi kwanon, ya haɗa da yatsuna ya matse, ya ce a hankali, "Mai wankin hoto a Mthatha surukina ne, Sisi. Ya ce aikinki ya yi kyau."

Tun ranar ban sauka teku ba. Kullum akwai wani zaune a kan tudu yana kallon ƙofata. Gobe zan shiga motar safe in tafi gidan Gwaggo, amma ban ƙona ba, kuma ba zan iya ba. Ka yafe mini.

Ƙanwarka

*

Nolubabalo,

Ambulan ɗin da kika aiko ya iso, hotuna biyu da fim, babu ko kalma ɗaya a ciki. Gwaggo ta rubuto ta ce ba ki je wurinta ba, yau kwana tara.

Ban ƙona su ba. Na sa an wanke guda goma, na kai biyu ofishin 'yan sandan nan, na aika wa limamin cocinmu biyu. Na ɗauki hutu, ina tafe ran Juma'a. In takardar nan ta same ki, ki tsaya mini a tashar motar ƙauyenmu inda zan gan ki ta taga. In na sauka ban gan ki ba, gidan Gcinikhaya na nufa.

Don Allah ki tsaya.

Yayanka