Inda Rabi ta tsaya

Laraba da dare, Garki

Yau na raka 'yata Rabi neman kwangilar kujerun wata makaranta, irin wadda mai farashi mafi ƙasa ke ci. Su biyar masu neman suka yi ta karya wa juna farashi. Da ribarta ta kusa ƙarewa sai ta tsaya.

Na raɗa mata, “Rage kaɗan mana, kafintocinki na jiran aiki.”

Ta ce, “Baba, daga nan wanda ya ci shi zai yi kuka. Dubi Alhajin can, shi ma ya ja bakinsa.”

Wannan lissafin na karanta a jami'a, ƙasar nan ba ta taɓa nemansa wurina ba. Yarinyar ta burge ni.

Wanda ya ci ɗin ya biyo mu har bakin titi, yana tambayarta inda ake samun katako mai araha.