Wuƙar Baba

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa irin ta addini. Tela ne ke rubuta min, ka san ban yi boko ba. Rantsuwata tana nan: tun ranar da ka sare tsohon mangwaron Baba ka bi 'yan ƙungiyarku masu yi wa bishiya aure, na ce bakina ba zai ƙara yi maka magana ba. Shekara bakwai ke nan, kuma takarda ba baki ba ce.

Bishiyoyina tara suna bushewa daga sama. Baƙin ƙaro yana tsiyaya a jikinsu kamar hawaye. Na zuba toka, na yi addu'a, jiya ta goma ta kamu. Ba taimako nake nema ba. Tambaya ce: mene ne wannan? Kada ka kai ni bakin mutanenka.

Yayanka.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na yi murna da takardarka, ko da yake shinge ne kawai tsakaninmu.

Yaya, ciwon nan mun san shi. Ya cinye lambu biyu a bakin rafi bara. A jikin wuƙa yake tafiya, daga bishiya zuwa bishiya. Shi ya sa muka yi alkawari a ƙungiya, kowa ya gasa wuƙarsa a wuta kafin ya taɓa wata bishiyar. Waɗanda suka kamu sai sarewa da ƙonewa. Nawa dai lafiya lau, alhamdu lillahi. Da wace wuƙa ka yi wa naka aski?

Ka huta lafiya.
Ƙanenka.

Ƙanena,

Gaisuwa. Wuƙar Baba ce. Ban taɓa sa ta a wuta ba, shi ma bai taɓa ba, yana cewa wuta na kashe kaifi. Tun da tela ya karanta min takardarka abinci ya ƙi shiga. Na zagaya lambu ina ƙirga inda na yanka.

Akwai abin da ban so faɗa ba. Kai ba ka iya aski ba, tun kana yaro hannunka na rawa, reshen da ya kamata ka bari shi kake cirewa. To duk ranar kasuwa, in ka fita da kaya, nakan tsallaka shinge in gyara maka naka. Ba don kai ba, don ƙasar Baba ce. Makon jiya ma na shiga. Layin bakin rijiya, duka goma sha biyun nan da kake ci da 'ya'yanka da su.

Don Allah je ka duba yanzu, kada ka tsaya cin abinci. Ni na kasa leƙawa. Tela ya ce in daina kuka a shagonsa, ƙarya yake, hayaƙin dutsen guga ne.

Yayanka.

Yaya,

Na duba. Uku sun fara hawaye, sauran sai Allah.

Tun shekarar farko na gane hannunka, ba wanda ke yanka a karkace haka sai kai da Baba.

Gobe da safe muna zuwa mu takwas da zarto. Da nawa za mu fara. Ka zo da wuƙar, zan hura wuta. Ba sai ka yi magana ba, ka buɗe ƙofar shinge kawai.

Ƙanenka.