Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma. A tashar Magaria, gaban fasinja cike da mota, wani Alhaji mai gyaɗa ya ce wa Baba ya kamata ya riƙa ba ni tuƙi ko zuwa Dungas ne. Baba ya ce, "Laminu? Ko amalanken jaki na ba shi sai na bi shi a baya." Aka kwashe da dariya, har da ni, don in ban yi ba ya ce ina kumburi. Da 'ya'yana uku, da permi, takardar tuƙi, a aljihu har ya tsufa, aikina ɗaure kaya da kiran fasinja. Wallahi na tsani dariyar nan tawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Da safe da Baba ya tada mota a ƙofar gida na ji wani abu. Kar-kar-kar daga gaban inji, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sai ta ɗauke da mai ya hau. Sarƙar inji ce. Shi da kansa ya koya mini wannan ƙara tun ina yaro, da ranƙwashi. Na dubi fuskarsa. Yana ta gyara madubi abinsa.

Talata, 14 ga Oktoba

Na gwada shi. Na tsaya bayansa na ce, "Baba, tayar baya ta sace." Ko gezau. Na zagayo gabansa na maimaita a hankali, nan take ya hau ni da faɗa. Ashe baki yake kallo! Illa Direba, wanda ake ce wa Mai Kunne, wanda makanikai ke aikowa a kira shi ya saurari motar da ta gagare su. Kunnen ya tafi, kuma duk garin nan ni kaɗai na sani.

Na yini cikin farin ciki. A nan dai ba zan ɓoye ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ƙarar na daɗa tsawo. Ban faɗa wa Baba ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Matata Mansura ta ce, "Baban Usama, motar nan fa ita ke ci da gidan nan duka." Ban faɗa mata komai ba, amma ɗakinmu ne kusa da ƙofa, tana ji kamar yadda nake ji. Na ce ta tsaya kan tukunyarta. Ni ba so nake inji ya mutu ba. So nake wata rana ta yi masa wannan ƙara a tsakiyar tasha, kowa ya juyo, shi kaɗai yana murmushi. Daga nan ya miƙo makulli.

Asabar, 25 ga Oktoba

Wata mata 'yar garin Dogo-Dogo da ta kwana gidanmu ta shiga mota tun daga ƙofa. Da aka tada, ta zabura ta dubi kapo, murfin inji. Baba ya ga fuskarta. Da muka dawo ya wuce garejin Maikano, ya ɗaga kapo, ya shafa fambel ya ce a canja. Gaskiya ya fara tsattsagewa, ya yi sheƙi, ko makaho ya shafa zai sani. Maikano na ɗaurawa yana surutu irin nasa, wai fambel ba ya ba shi tsoro tunda a waje yake ido na ganinsa, sarƙa ce mugunya, tana can ciki cikin mai, sai dai kunne. Ya ce, "Malam Illa, da sanyin safiya ba ta cewa komai?" Inji ya yi zafi a lokacin, ba abin da za a ji. Baba ya ce, "Ni za ka tambaya?" Maikano ya ba shi haƙuri.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Baba ya tada ta da safe da sabon fambel. Ƙarar ta fi ta kullum. Ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya tambaye ni, abin da bai taɓa yi ba tunda nake, ya ce, "Laminu, ta yi shiru ko?"

Na matso inda zai ga bakina sosai. Na ce, "Ta yi shiru, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce in ɗaure kaya da kyau.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ta mutu. Mun baro Dungas da buhunan wake da mutane har kan kaya, sai wani gum daga gaba, mota ta gangara ta tsaya. Baba ya yi ta murɗa makulli. Ba ya jin yadda inji ke juyawa fayau ba ƙarfi, yana ta murɗawa, gumi na zuba, fasinja na kallon juna. Sai da wani tsoho ya dafa masa hannu. Mutane suka watse kan kabu-kabu suna tsaki. Ranar da nake jira ke nan. Na zauna kan buhu ina jiran daɗin ya zo.

Talata, 4 ga Nuwamba

An ja ta zuwa gareji. Sarƙa ta tsinke ta murƙushe kayan ciki, Maikano ya ce sai dai wani inji. Direbobi sun taru. Maikano ya juyo kaina, ido ja: "Wannan ta daɗe tana kuka. Kai da ke tsaye kanta kullum, ba ka ji ba?" Baba yana kallon leɓen Maikano. Ya ce, "Ya faɗa mini. Ni na ce ta ƙara lallaɓawa."

Gara a ce masa mai taurin kai da a ce kurma. Girman kai ne kawai, na san halinsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ko an sayar da hatsin bana duka ba zai sayi inji ba. An turo ta gida, tana ƙarƙashin bishiyar bedi. Makullin na rataye a zaure, ba mai hana ni ɗauka. Na fara ɗaure wa wasu kaya a tasha. Mansura na ajiye mini tuwo ba tare da ta dube ni ba. Baba kuwa kullum sai ya wanke motar, har tayoyi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Liman ya tambaye ni ko Baba ba lafiya, an daina ganinsa sallar asuba. Da, fitar mota ke tashinsa tun kafin kira. Yanzu ba fita, kiran kuma ba ya isa gare shi.

Yau da ladan ya fara na bi ta ƙofar ɗakinsa. Hanya ce ta biyo da ni, buta na can. Na taɓa ƙafarsa, na nuna masa wajen masallaci. Ya tashi zaune, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To. Wannan kam ka faɗa mini."

Na zuba masa ruwan alwala. Gobe sai in tashi da wuri kaɗan, yana da nawa wajen shiri.