Kaya Sun Rinjaya Hagu

Tawa, 9 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga maiɗakina Zalika,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƴarmu Hajaratu da dukan mutanen gida. Yaya kuke fama da rijiya? Ki durƙusa ki gaida mini Baba. Mushe Attahir, malamin makarantarmu, kai da ke karanta mata takardar nan a ƙofar lakwal, ina gaishe ka, kuma na san rabin gari na zaune kewaye da kai, to kowa ya karɓi tasa gaisuwar.

Ni dai lafiya lau. Aikin furoje, wato shirin haƙa rijiyoyin nan, ya karɓe ni. Patoronmu, wato Baturen da ke shugabancin aikin, ba ya yarda kowa ya taɓa mishi waya ko batir sai ni. Kin tuna kina mini dariya, wai kullum ina farke cikin rediyo kamar mahauci? To ga inda farke ciki ya kawo mijinki.

Na ji Rissa makiyayi da mutanensa sun kora dabbobinsu kudu, kuma Baba na shawarar bin su da shanun nan bakwai da suka rage. Ki ce mishi ya dakata. Da idona na ga sunan garinmu bisa taswirar da ke bangon biro, ofishinmu ke nan, an zagaye shi da jan alƙalami. Famfo na zuwa kafin Mauludi, in sha Allahu. Kada kowa ya wahalar da kansa.

Ki huta lafiya. Ni ne mijinki,
Arzika

Tawa, 5 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Zalika,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta yarinya. Mushe, don girman Allah wannan ka ja ta gefe ka karanta mata ita kaɗai.

Zalika, na san Baba ya iso gida, kuma ban san abin da ya faɗa muku ba. Gara ki ji daga bakina. Tun da aka ɗauke ni ban taɓa ganin bakin rijiya ko ɗaya ba. Patoro na da wasu ƴan jiragen ruwa na wasa, kowane bai fi tsawon damtsena ba. Ana tuƙa su daga nesa da wani akwati mai eriya. Aikina shi ne in jera batir shida, in liƙe su da darma su zama dunƙule ɗaya, in naɗe da robar tayar keke don kada ruwa ya taɓa, in kwantar cikin jirgin kusa da injin, in ɗaure. Ran Lahadi abokansa su zo da nasu a yi tsere. A bayan gidansa akwai wani kwamin siminti da ya fi filin masallacinmu faɗi, motar ruwa ce ke cika shi. Aikin ke nan da na cika muku baki a kansa.

Jiya kasuwar Tawa ce. Baba ya biyo motar ƴan kasuwa daga Kalfu, ya sha tambayar soja a shinge, ya yi ta neman gidan har gardi mai tsaron ƙofa ya shigo da shi. Ya tarar da ni cikin kwamin, ruwa har cinya, na nannaɗe wando, ina tsamo jirgin patoro da ya kife karo na uku, Turawa na dariya. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ƙafafun Baba fari fat da ƙura, leɓɓansa duk sun tsage. Bai dube ni ba tukuna. Tsayawa ya yi yana kallon ruwan, ya daɗe.

Na fito ina ɗiga, na durƙusa na gaishe shi da jirgin a hannuna. Ya karɓa ya ɗora bisa tafinsa, ya jinjina, ya leƙa ciki. Kin san shekarun da ya yi yana kai gero Arewa da jakuna. Sai ya ce, “Kayanka sun rinjaya hagu. Ko jaki ba a labta wa haka.” Na gusa batir ɗin dama kamar faɗin yatsa, na ja shi baya kaɗan, shi kuma ya karyo kara daga darni ya miƙo mini na tokare. Jirgin ya tafi ɗoɗar, ya wuce na kowa. Sati uku ina fama da shi. Aka yi ta tafi, patoro ya zo ya kama hannun Baba yana girgizawa.

Nan Baba ya ce in tambayar mishi yaushe za a fara namu famfon. Na tambaya da Faransanci. Patoro ya kaɗa kai, ya ce jan alƙalamin nan alamar garuruwan da aka auna aka bari ce, ruwansu ya yi nisa ƙarƙashin dutse. Zalika, ni ban taɓa tambaya ba, na ga ja ne kawai na rubuto muku. Ga mutane, ga gardi, ga tsohona tsaye. Sai na juya na ce wa Baba wai ana nan ana shiri. Ya ga kaɗa kan da idonsa. Ya dube ni har na sunkuya, ya ce to. Ya roƙi gardi ya cika mishi buta da ruwan kwamin, ya tafi tasha, ya hana ni raka shi.

Ki rufa mini asiri kwana biyu, in san yadda zan ɓullo wa maganar.

Naki,
Arzika

Tawa, 21 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Zalika,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Hajaratu, da Baba, da jama'a babba da yaro. Allah ya ba mu haƙurin wannan shekara. Mushe Attahir, wannan ka bari sai an sauko Juma'a, ka karanta a ƙofar masallaci da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya don tausayina.

Amsarki ta iso. Kin ce Baba ya tsaya gaban mutane ya ce ya ga aikina, yana tafiya daidai. Kin ce a kan maganarsa gidan su Alƙasum suka kwance kayan da suka ɗaure, kuma jar saniyar da aka ba mu ran sunan Hajaratu ta kwanta ba ta tashi ba. Na karanta na zauna a ƙasa. Mutumin da tun tasowata ban ji ya yi ƙarya ko a cinikin akuya ba, yau ni na sa shi, da furfurarsa, don kada a yi wa ɗansa dariya. Ni kuma ina nan ina neman kwana biyu, har kwana biyun suka zama sha shida.

Jama'a, babu famfo. Ba ya zuwa da Mauludi, ba ya zuwa bayansa. Ni Arzika ɗan Yunusu ban san kome game da rijiya ba, batir nake sa wa jirgin wasa. Na ga abu a bango ban tambaya ba, kuma da aka faɗa mini gaskiya a gaban mahaifina na juya ta. Laifin nawa ne, kada wanda ya ga na Baba. Wanda ke da dabba mai iya tafiya ya kora ta kudu tun da sauran ƙarfinta. Alƙasum, ban san da idon da zan dube ka ba, amma zan zo in dube ka.

Na haɗa wa patoro batir ɗinsa na ƙarshe, na nuna mishi inda ake tokarewa da kara, na yi mishi sallama. Ya yi mamaki. Ran Lahadi zan biyo motar kasuwa.

Zalika, ki fito mini da sandata da tsofaffin takalmana, ki duba salka ko tana yoyo. Baba ba zai taka da ƙafa ba, ni zan kora shanun nan shida. Ki ce mishi ni zan labta wa jaki kaya, shi ya tsaya ya duba.

Allah ya sada mu da alheri. Ni ne mijinki mai neman gafara,
Arzika