Gwajin da ke faɗuwa a kan Ticha

Litinin, 3 ga Maris
Gwajin manhajarmu ta tura saƙo ya sake yin ja, wato ya faɗi, kuma a kan aikin Ticha, sabon ma'aikacinmu. Karo na huɗu. Dokar ofishinmu: wanda gwaji ya faɗi a hannunsa, sunansa ya hau farin allo. Shekara ashirin yana koyarwa kafin ya koyi rubuta manhaja, ga shi watanninsa uku na gwaji za su cika Juma'a. Manaja ya dubi allo ya ce, "Hmm." Na san wannan hmm ɗin.

Talata, 4 ga Maris
Ba laifinsa ba ne, wallahi. Manhajar tana tura saƙo a bayan fage, shi kuma gwajin sai ya yi barcin daƙiƙa biyu, ya farka ya duba ko an tura. In kwamfuta ta yi nauyi, ya faɗi. Mu tsofaffin hannu sai mu sake dannawa har ya yi kore. Ticha ba ya sakewa. Wai, "Injiniya, ɗalibi ba ya sake jarrabawa a ɓoye." Kai, mutumin nan!

Laraba, 5 ga Maris
Na cire barcin. Yanzu aikin da kansa zai ɗaga alama in ya gama, gwajin ya jira alamar. In daƙiƙa talatin ta wuce shiru, ya faɗi abin da yake jira. Dogo na kusa da taga ya ce in mayar da biyun biyar kawai in huta. Na ce wannan ai rufe tukunya ne da faifai. Na saki gwajin sau ɗari biyar. Sai na wanke Ticha, ko ana ha maza ha mata.

Alhamis, 6 ga Maris
Sau bakwai alamar ba ta zo ba sam. Ashe ba nauyin kwamfuta ba ne. Ayyuka biyu ne, kowanne ya riƙe makulli yana jiran na ɗan'uwansa, saƙon kuma ba zai taɓa fita ba. Na duba wanda ya rubuta wurin.
Ni ce. Bara.
Ina iya gyarawa shiru, ba wanda zai sani. Amma allon fa? Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji.

Juma'a, 7 ga Maris
Na gyara. Ɗari biyar, duk kore. Kafin taro na goge sunansa huɗu na rubuta nawa, na nuna wa Manaja layin da na rubuta bara. Ya duba, sannan ya ce, "Ticha, Litinin ka zo da hoton katin aiki."
Da za mu tashi wani gwajin daban ya yi ja a hannuna. Yatsana har ya kai kan maɓallin sakewa. Na janye, na jawo kujera na ce wa Ticha, "Malam, zo mu duba tare."